Kalmar da Ta Ci Filin Kawuna: Martani a Kan “Severally”

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa malamin Turanci ya rubuta a kan kalmar “severally”, na sake karantawa, sannan na ajiye ta kwana uku kafin in ɗauki biro, don kada zafin da ke raina ya sa in yi masa rashin adalci. Da ganin rubutun Malam ka san ya sha alli, kuma kishin ɗalibansa ne ya sa shi magana. Hujjarsa ita ce, 'yan Nijeriya sun daɗe suna amfani da wannan bayanau da ma'anar “sau da yawa”, malamai kuma sun daɗe suna zabga wa yara jan biro a kansa. To yanzu tunda ƙamus ɗin Oxford ya karɓi ma'anar tamu tun 2020, a wurinsa magana ta ƙare. Tsohuwar ma'anar, wato “ɗai-ɗai” ko “kowa shi kaɗai”, yana ganin ta mutu sai a bakin lauyoyi, don haka koyar da ita ɓata lokacin ɗalibi ne. Ya ƙara da cewa duk malamin da ya ci gaba da yi wa yaro gyara a nan, ragowar bautar Turawan mulkin mallaka ce ba ta sake shi ba.

Akwai inda muka haɗu da Malam, kuma gara in faɗe shi tun da wuri. Yaron da ya rubuta “severally” yana nufin “sau da yawa” ba daƙiƙi ba ne. Ƙa'ida ya bi. An koya masa cewa in aka liƙa wa sifa ɗafa-ƙeyar “-ly” sai ta zama bayanau: “frequent” ta haifi “frequently”, “occasional” ta haifi “occasionally”. Ya san “several” tana nufin abubuwa 'yan kaɗan da suka wuce biyu, sai ya yi lissafi ya fitar da amsa. Lissafin nan ba mu kaɗai muka yi shi ba, mutanen Kenya ma haka suke amfani da kalmar. Na taɓa ganin malami ya tsayar da yaro gaban aji ana yi masa dariya saboda wannan kalma, abin ya ɓata mini rai matuƙa, kuma in da iyakar maganar Malam ke nan, a daina kunyata yara, da ni ne farkon mai sa hannu. Inda muka rabu shi ne cewa a daina koyar da ɗaya ma'anar. Wannan shawara na san kuɗinta, don na ga wanda ya biya.

Shekarun baya kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi sallama a zaurena bayan sallar isha'i, da wata takarda a ninke huɗu cikin baƙar leda. Mutum ne da in yana son ganina aike yake yi, bai taɓa tako ƙafa ya zo da dare ba. Ya zauna a bakin tabarma, aka kawo ruwa ya ce a ajiye, ya miƙo mini ledar. Shi ya goya ni ina yaro, amma tun da na fara koyarwa Malam yake kirana. Ya ce, “Malam, duba mini wannan. Ka faɗa mini gaskiya, kada ka rage komai don kana jin nauyina.”

Su biyar ne, duk 'yan kasuwar hatsi, suka haɗa kai suka karɓi rancen naira miliyan 2 da rabi a wani ƙaramin banki, da niyyar su sayi masara da kaka su ajiye zuwa bazara. Kowa ya ɗauki dubu 500. Ranar sa hannu suka tafi da ɗan ɗayansu, yaro natsattse mai difloma, don ya karanta musu takardar. Da ya zo layin da ya ce masu karɓar rancen sun amince da biya “jointly and severally”, sai ya fassara musu cewa za su biya tare, kuma sau da yawa, ma'ana ba lokaci guda ba, kaɗan-kaɗan. Ai kuwa abin da suke so ke nan. Uku suka sa hannu, biyu suka dangwala.

A shekarar masara ba ta tashi kamar yadda suka zata ba, ƙwaro kuma ya shiga wasu buhunan. Ɗaya daga cikinsu Allah ya yi masa rasuwa kafin damina. Ɗaya ya tafi kudu ci-rani ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Biyu suka ce ko sisi ba su da shi, kuma da gaske ba su da shi. Kawu ya kakkaɓe abin da ke hannunsa ya biya nasa kason tsaf, har da abin da ya hau kai, ya koma gida yana ganin ya sauke nauyi. Sai ga wasiƙa daga lauyan bankin tana neman duk ragowar kuɗin a wurinsa, saboda a cikin su biyar shi ne mai rumfa da fili da kowa ya sani.

Na haska fitilar waya a kan layin, na ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar. Ya ce, “Ashe ba kaɗan-kaɗan take nufi ba?” Na ce, “Kawu, ba haka take nufi ba. Cewa take bankin yana da iko ya kama ku a dunƙule, yana kuma da iko ya ware mutum ɗaya a cikinku ya ce shi zai biya duka.” Ya daɗe yana kallon takardar kamar mai iya karanta ta. Sannan ya ce, “Wallahi da na san haka, ko da wuƙa a wuya ba zan sa hannu ba. Na san halin biyu daga cikinsu tun muna samari.” Na gaya masa doka ta ba shi dama ya bi sauran su biya shi abin da ya biya musu. Ya ce, “Wa zan bi? Marayu, ko wanda ban san garin da yake ba?” Filin da ya saya don ya gina wa babban ɗansa in zai yi aure, shi ya sayar.

Ma'aikacin bankin da ya ga dattawa suna dangwala yatsa bai yi musu bayani da Hausa ba yana da nasa alhakin, ban wanke shi ba. Amma yaron da ya karanta takardar bai yi ƙarya ba, bai kuma yi ha'inci ba. Ma'anar da ya ji a rediyo, ya gani a jarida, ya ji a bakin manya masu digiri, ita ya faɗa, don ita kaɗai ya sani. Ya yi shekara shida a sakandare da biyu a babbar makaranta ba a sami wanda ya ce masa kalmar nan tana da wata fuska ba. Abin da Malam yake kira a yi da gangan, shi ne ya sami wannan yaro bisa sakaci.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda aka yi kalma ɗaya ta rabu gida biyu. “Several” ta shigo Turanci ne ta hanyar Faransancin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066, harshensu kuma ya zama harshen kotu na ɗaruruwan shekaru. Tushenta na Latin ne mai ma'anar rabewa, tushe ɗaya da “separate” da kuma “sever”, wato datsewa. Saboda haka ma'anarta ta fari ita ce “warewa, kowane daban”, kuma a lokacin da take da wannan ma'ana ta haifi “severally”. A rubutattun wasannin kwaikwayo na zamanin Shakespeare, in ana so a nuna 'yan wasa su fita ta ƙofofi daban-daban, da wannan kalma ake ba da umarnin. Daga baya “several” ta sami sabuwar ma'ana ta adadi, wato “'yan kaɗan”, har wannan ta rinjayi ta farko a bakin jama'a. Uwa ta yi ƙaura, amma a Ingila 'yar ba ta bi ta ba, ta zauna a tsohon gida. Mu da muka haɗu da uwar a sabon gida sai muka ɗauka 'yar ma tana nan tare da ita.

Ko a cikin tsohuwar ma'anar ma akwai wani siraɗi da ya kamata ɗalibi ya sani. In takarda ta ce mutane za su ɗauki nauyin bashi “severally” kawai, to kowa kasonsa ne a wuyansa, ba ruwansa da na wani. In ta ce “jointly and severally”, kowane ɗaya yana ɗauke da bashin gaba ɗaya. Da takardar Kawu ta farkon ta ƙunsa, da ranar da ya biya dubu 500 ɗinsa ya gama da banki har abada. Bayanin nan bai fi minti biyar a kan allo ba.

Sai batun Oxford, wanda shi ne ginshiƙin maƙalar Malam. Gaskiya ne a watan Janairun 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, irin su danfo, okada, buka, tokunbo, “next tomorrow” da muke cewa jibi, har da Kannywood, wadda ganinta a ciki ya faranta mini rai ƙwarai. Ma'anar “severally” ta “sau da yawa” tana cikinsu. Sai dai ya kamata a san irin ƙamus ɗin da ake magana. Wannan kundin tarihin kalmomi ne, wanda aka fara fitar da shi kashi-kashi a 1884, ba a kammala bugun farko ba sai 1928. Aikinsa ya rubuta abin da mutane suka faɗa, da inda suka faɗe shi, da lokacin da aka fara ganinsa a rubuce. A cikinsa akwai kalmomin da aka daina amfani da su tun ƙarnoni, akwai na 'yan tasha, akwai ashar. Da ya zo kan kalmar tamu, sai ya ƙara sabuwar ma'anar a kan waɗanda ke nan, ya yi mata alamar cewa amfanin mutanen Afirka ce. Bai goge ko ɗaya daga cikin tsofaffin ba. Malam ya karanta abin da aka ƙara, bai waiwayi abin da aka bari ba.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da aka yi wa alamar cewa na Sakkwato ne, ko na Katsina, ko na wani yanki. Bakano in ya ji “ɗiya” mace ɗaya yake ganewa, Basakkwace kuwa yana iya nufin 'ya'yan mutum gaba ɗaya, maza da mata. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Amma alƙalin da zai raba gado, in ɗaya kaɗai ya sani, wata rana zai zalunci marayu ba tare da ya yi niyya ba. Shigar ma'ana cikin ƙamus shaida ce cewa tana nan da ranta, kuma na yarda tamu tana nan. Ba ta nufin ɗayar ta bar gari.

Kuma ba a Landan kaɗai take zaune ba, wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki da Malam ya tsallake. A waccan shekarar dai ta 2020, cikin watan Agusta, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Kamfanoni, wadda ta maye gurbin ta 1990. 'Yan majalisar Nijeriya suka zartar da ita, don 'yan Nijeriya, kuma a wurare da dama ta ɗora wa daraktoci da abokan haɗin gwiwa alhaki “jointly and severally”, da tsohuwar ma'anar nan ba ragi. Duk wanda ya taɓa zama a babbar kotun jiha ya ji lauya yana neman diyya daga waɗanda ake ƙara da wannan lafazi, ya ji alƙali ya yanke hukunci da shi, daga Kano har Kotun Ƙoli a Abuja. Ashe ke nan Turancin Nijeriya ma'ana biyu yake da su: ɗaya ta hira da jarida da jawabin siyasa, ɗaya ta takardar da in ka sa hannu a kanta za a iya ɗaga rumfarka. Wanda yake kishin Turancin Nijeriya da gaske, dukansu biyu nasa ne.

Malam zai ce wannan harkar lauyoyi ce, a bar musu. To lauya nawa ne a ƙauyenmu? Wanda ya gama sakandare shi ne lauyan gidansu, shi ne tafintan unguwa. Shi ake miƙa wa fom ɗin garanto in za a ɗauki wani aikin gadi ko a ba shi keke-napep biyan kaɗan-kaɗan. Shi ake kira in 'yan'uwa biyu za su kama shago haya da suna ɗaya. Da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, cikin ƙungiyoyi aka riƙa haɗa manoma suna tsaya wa juna, kuma haka ƙananan bankuna suke yi da ƙungiyoyin mata masu sana'a. Mafi yawan masu dangwala yatsa a irin waɗannan takardu ba su taɓa shiga ofishin lauya ba. Ɗalibinmu ne yake tsakaninsu da takardar, da abin da muka koya masa da abin da muka ƙyale.

Zargin bautar Turawa kuwa shi ya fi yi mini ciwo, don ya ɗora maganar a inda ba nan take ba. Bambanci tsakanin “kowa kasonsa” da “kowa yana ɗauke da duka” ba Bature ya kawo mana shi ba. Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Malikiyya na Masar da ya rayu a ƙarni na 14, wanda ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato tun kafin Gwamna Lugga na Turawan mulkin mallaka ya taka ƙasar nan, ya yi wannan bayani a babin lamuni: in mutane da yawa suka tsaya wa bashi guda, kowa kasonsa ake binsa, sai fa in an gindaya sharaɗin cewa suna lamunin juna, a nan ne za a iya kama wanda aka samu da abin da ke kan sauran. Alƙalanmu na da sun san wannan sarai. Da takardar Kawu da ajami aka rubuta ta, a gaban malamin unguwa, da an tambaye shi ƙarara ko ya yarda ya ɗauki nauyin abokansa. Yau da Turanci ake rubuta ta, Turanci kuma shi ne harshen dokar ƙasa da na banki, ko mun so ko mun ƙi. Malamin da ya koya wa ɗan talaka ya karanta abin da zai sa wa hannu, ban ga Baturen da yake yi wa aiki ba.

Abin da nake yi a ajina ba mai wahala ba ne, kuma ina roƙon Malam ya gwada shi ko da zango ɗaya. In yaro ya rubuta “severally” yana nufin “sau da yawa”, ba na soke masa, ba na rage masa maki a aikin aji. Layi nake ja a ƙarƙashi, in rubuta a gefe ya zo ya same ni. Sai in rubuta masa jimla guda: “I called them severally.” In ce masa a Abuja ko Nairobi za a gane ka kira su sau da yawa, amma mai karatu a Ingila ko Amurka zai ɗauka ka kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, ko kuma ya tsaya yana tunanin me kake nufi. In kana magana da mutanenka, faɗi yadda kuka saba, ba laifi. In rubutun zai yi nisa, neman gurbin karatu ne ko wasiƙar kasuwanci zuwa waje, ga “several times”, ga “repeatedly”, ba wanda zai yi musu wata fassara. In kuwa ka ga kalmar a takardar da ke da wurin sa hannu a ƙasa, musamman in “jointly” tana gabanta, to ka dakata, ka gaya wa mai takardar cewa ana iya kama shi da bashin kowa.

Sau ɗaya a shekara kuma nakan keɓe darasi guda ga 'yan aji shida a kan wannan. Ina raba allo gida biyu, in rubuta ma'ana ɗaya a dama ɗaya a hagu, in ba su labarin Kawu ba tare da na faɗi ko wane ne ba. Bara, bayan an tashi, wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta tsaya har kowa ya fita. Ta ce, “Malam, mamanmu da matan layinmu za su karɓi kuɗin sana'a, su bakwai, an ba su fom su kawo ranar Litinin. Ni aka ce in cike musu.” Na ce ta kawo in gani. Washegari ta zo da shi a tsakiyar littafin lissafi don kada ya yamutse. Ban karɓa ba, na ce ta karanta da kanta. Ta bi layi-layi da yatsa, shafi na farko, shafi na biyu, har ta zo sakin layi na ƙarshe kafin wurin sa hannu, sai yatsan ya tsaya. Ta ɗago kai ta ce, “Malam, ga ta nan. Da ‘jointly’ a gabanta.” Na tambaye ta me za ta gaya wa mamanta. Ta ce za ta gaya musu su bakwai ɗin gaba ɗaya, a gaban juna, kafin kowa ta dangwala.